Kurfai: kunnen malami na iya ceton rai

Daga Filinge zuwa Yamai tafiyar wajen kilomita 180 ce, can kuwa sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa yake, wanda aka sani da Pavillon E. Kafin yaron Kurfai da baƙin ciki ya rufe ya kai wannan ƙofa, malaminsa na lakwal da majon likitar garinsu ne za su fara ganinsa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce fiye da mutum 700.000 ke kashe kansu kowace shekara. A 2008 ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararrun fannin ba su iya gane matsalar da wuri.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ɗalibi ya janye jiki daga abokai, barci ya ƙaurace masa, ya rarraba kayansa, ya riƙa cewa duniya ta ishe shi. Malami ya keɓe shi, ya tambaye shi kai tsaye, ba faɗa, ba gori. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wannan tunani a zuciya. Sannan kada a bar yaron shi kaɗai: a sanar da iyaye, a kulle maganin ƙwarin gona, a kai shi likita, majo kuma ya ci gaba da bibiyarsa.

A jihar Tilaberi, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu bayan 2020, yaron da ya rasa aji ya rasa har da wannan kunnen.