Jiragen Sama Na Cikin Kwali Da Yadda A Ke Cinikinsu A Ingila

A ƙasar Ingila a kan sami wani irin gado wanda ya kan ɗaure wa magada kai. Dattijo ya rasu, an yi makoki an watse, matarsa ko ɗansa ya hau can ƙarƙashin rufin gida inda su kan ajiye tarkace, sai ya tarar da kwalaye jibge, ɗari biyu ko ɗari uku, kowanne da hoton jirgin sama a bisa murfinsa. In ya buɗe ɗaya ba zai ga jirgi ba, sai gutsattsarin roba, ga rabin gangar jiki nan, ga fiffike can, ga 'yar farfela wadda ba ta kai tsawon ashana ba. Marigayin ya saye su ne da niyyar ya haɗa su da gam, ya shafa musu fenti ran da ya sami sukuni, ajali kuwa ya riga sukunin zuwa.

To, a nan ne magada su kan yi ɗayan kuskure biyu. Wani ya ce ai kayan wasan yara ne, ya kwashe ya kai juji, alhali watakila a ciki akwai kwali guda wanda kuɗinsa zai biya hayar wata. Wani kuma ya taɓa jin labarin an sayar da irinsu da tsada, sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala, ya ɗora wa kowane kwali kuɗin da ba mai taya shi, har shekaru su wuce kayan na nan, laima na cinsu. Abin da na ke so in bayyana wa masu karatu shi ne yadda masana wannan harka su ke bambanta mai daraja da maras daraja, gama hanyarsu tana da ban sha'awa ko ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan kwali ba.

Bari mu fara da asalin abin. Waɗannan jirage siffa ce ta jirgin gaskiya da aka rage bisa ma'auni. Ma'aunin da aka fi yayi a Ingila shi ne 1 bisa 72, watau inci ɗaya a jikin ɗan jirgin yana madadin ƙafa shida a jikin babban. Jirgin yaƙin nan da a ke kira Spitfire, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 36 ne da inci 10, saboda haka ɗan nasa ya kan tashi inci shida da 'yar ɗoriya. Malamin da ke fama da koya wa yara ma'aunin taswira, da zai sami guda ɗaya ya ɗora a bisa teburin aji, da ya huta da dogon bayani.

Wani Bature, James Hay Stevens, shi ya fito da wannan ma'auni cikin 1932 da jiragensa masu suna Skybirds, waɗanda yawancin jikinsu katako ne, sai mai saye ya ƙarasa gogewa da kansa. Cikin 1936 kamfanin Frog ya fitar da na roba, ya sa musu suna Penguin. Amma wanda ya shigar da abin kowane gida shi ne Airfix, wanda Nicholas Kove, mutumin Hangare, ya kafa a Landan cikin 1939. Da fari kayan hurawa da mashatai ya ke yi. Cikin 1952 ya soma sayar da ɗan jirgin ruwa a cikin leda a kantunan Woolworths, sule biyu, cikin 1953 kuma Spitfire ya biyo baya. Sule biyu kuwa yaro ya kan iya tarawa. Daga nan har zuwa wajen 1975 da wuya a sami yaro namiji a Ingila wanda bai taɓa ɓata teburin uwarsa da gam ba. Waɗannan yaran su ne dattawan da ke rasuwa yanzu suna barin kwalaye.

Mai karatu zai zaci tsufan kwali shi ne darajarsa. Ba haka ba ne, kuma nan ne gindin maganar duka. Ana yin waɗannan sassa ne ta hanyar narka roba a tura ta da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe, kamar dai yadda maƙerin farfaru ke zubin mundaye. Sassaƙa mazubin shi ne mai tsada, amma in an gama shi ya kan yi shekara hamsin ko sittin yana aiki, yana fitar da dubun dubbai. Kamfani ya kan mutu, mazubinsa bai mutu ba, sai wani ya saye ya ci gaba da zubi. Saboda haka tambayar fari da masani zai yi game da kowane kwali ita ce, shin mazubinsa yana da rai, ko kuwa ya salwanta?

Ga misali. Kamfanin Frog ya rufe cikin 1976, aka sayar da yawancin mazubansa ga Tarayyar Sobiyat, inda aka ci gaba da zubi da sunan Novo. Rashawa suka ƙi karɓar na jiragen Jamus da abokan yaƙinta, waɗannan suka koma hannun kamfanin Revell. Bayan rushewar Sobiyat, masana'antu a Rasha da Yukren suka yi ta zuba su shekara da shekaru. Wanda ke son ya haɗa jirgin Frog don nishaɗi, to, zai samu da araha, ba shi da dalilin biyan tsada don na asali. Shi ma Airfix ya karye cikin 1981, ya yi ta sauya iyayengiji har kamfanin Hornby ya saye shi cikin 2006, kuma tun 2018 suna sake fitar da tsofaffin jiragensu daga mazuban da, har da tsohon hoton murfi. Duk ran da aka sanar za a sake fitar da wani jirgi, sai darajar tsohonsa ta sauko, wanda ya ɓoye goma yana jiran su yi tsada ya kwana da baƙin ciki.

Ɗaya gefen kuwa, kamfanin Aurora na Amurka ya daina aiki cikin 1977, aka ɗora mazubansa a jirgin ƙasa za a kai wa kamfanin Monogram, jirgin ya kauce daga dogo a hanya, waɗansu suka lalace. Waɗansu kuma daga baya aka narkar da su. Jirgin da mazubinsa ya tafi haka, abin da ya rage a duniya shi ke nan, kullum kuma raguwa ya ke yi. Har ma ba lalle sai abu ya tsufa ba. Kamfanin Wingnut Wings na ƙasar Niyu Zilan, na mai shirya sinima Peter Jackson, ya soma fitar da jiragen Yaƙin Duniya na Farko cikin 2009, ya rufe ba zato cikin 2020. Nan da nan kwalayensa suka ninka kuɗinsu, har na shekara goma ya fi na shekara sittin tsada nesa ba kusa ba.

In an san halin mazubi, sai a duba cikar kaya. Kowane kwali yana da takardar bayani mai nuna sassa da lambobinsu, tilas a zauna a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Sassan suna manne ne a jikin 'yan sanduna na roba kamar 'ya'yan itace a reshe, kuma wanda bai tsinke ba ya fi wanda ya zube yana yawo cikin kwali. Abin da ya fi ɓacewa shi ne ɗan murfin nan mai kama da gilashi na mazaunin matuƙi, da ƙafafu, da farfela. Rashin guda ɗaya ya isa ya karya kuɗi ƙwarai. In kuwa marigayi ya taɓa ɗiga gam ko ya soma fenti a kan fiffike, kwalin ya fita daga sahun waɗanda ba a taɓa ba, tilas a faɗa wa mai saye.

Shekaru ma suna da nasu ta'adi ko ba wanda ya taɓa. Akwai takardar tambura, wadda a kan jiƙa da ruwa a zame tambarin a manna a jikin jirgi. Ita ta kan yi rawaya, ta tsattsage, ko laima ta like ta da takardar bayani. Tayoyin roba mai taushi da waɗansu kamfanoni su kan sa, in sun daɗe a jingine da sassa sai su ci su kamar an ɗora garwashi. Jiragen Penguin na kafin Yaƙin Hitila an yi su da wata irin roba mai lanƙwashewa, da wuya a sami wanda bai karkace ba, amma su saboda ƙarancinsu a kan yafe musu. Ƙarƙashin rufi kuwa, inda aka fi ajiye kayan, nan ne ya fi ko'ina zafi da bazara da sanyi da hunturu.

Sa'an nan sai kwalin kansa, wanda ni a ganina shi ne abin mamaki cikin wannan ciniki. Masu saye iri biyu ne. Akwai mai haɗawa, shi roba ya ke so, ko a leda aka ba shi ya gode. Akwai kuma mai tarawa, shi ba zai taɓa haɗa jirgin ba har abada, ƙuruciyarsa ya ke nema ya saya, ita kuwa tana bisa murfi. Wani mai zane, Roy Cross, ya yi wa Airfix hotunan murfi daga 1964 zuwa 1974, jirage cikin hayaƙi da wuta, ya rasu cikin 2024 yana da shekara ɗari. Daga baya kamfanin ya goge wuta da bama-bamai daga waɗansu hotunan don kada a ce ana koya wa yara son yaƙi, masu tarawa kuwa na farkon su ke bi. Sun san kowane fitowa da irin tambarinsa da lambarsa, har jirgi ɗaya, roba ɗaya, ya kan yi kuɗi iri biyar saboda bambancin kwali. Don haka a ke gargaɗin magada kada su like yagaggen murfi da salatif, kada su ɓare tsohuwar takardar farashi, kada kuma su buɗe wanda ke rufe tun daga masana'anta wai don su ƙirga. Wanda aka riga aka buɗe shi a ke ƙirgawa.

Yaya a ke sanin kuɗin? Da can sai an tambayi dillali, abin da ya faɗa shi ke nan. Tun da aka buɗe kasuwar eBay a intanet cikin 1995 al'amari ya sake, gama abubuwa da yawa da a ke zaton sun yi wuya sai ga su sun fito daga kowane lungu. Amma a lura, kuɗin da mai kaya ya sa daban, kuɗin da aka yi sallama daban. Mutum na iya sa wa akuyarsa kuɗin raƙumi, ba mai hana shi. Wajen da a ke dubawa shi ne jerin waɗanda aka riga aka sayar, a sami uku ko huɗu masu kwali iri ɗaya da hali iri ɗaya, a ɗauki tsakaici. Akwai kuma wani kundi a intanet mai suna Scalemates wanda ke nuna tarihin kowane jirgi, shekarar da aka sassaƙa mazubinsa da duk kamfanonin da suka sake zuba shi.

Saura sayarwa. Mu yi lissafi na misali, kamar yadda mu kan ba ɗalibai. A ce kwali 300 ne, a tsakaice kowanne fam 10, jimla fam 3,000 ke nan in an sayar ɗai-ɗai. Amma kowane ɗaya sai an ƙirga, an ɗauki hoto, an rubuta bayani, an ɗaure, an kai gidan waya. Ko rabin sa'a aka ba kowanne, sa'a 150 ke nan, ban da la'adar kasuwa da masu dawo da kaya. Dillali zai zo da motarsa ya kwashe duka yini ɗaya ya biya nan take, amma kuɗin sari zai bayar, watakila fam 1,000. Magada su kan ji zafin wannan tayi, su ce an cuce su. Ni ban ga cuta a ciki ba muddin sun san abin da su ke sallamawa, gama shi zai biya hayar shago ya jira shekaru. Cutar tana zuwa ne in an bar shi ya kwashe da kwali goman nan masu tsada a kan kuɗin gama-gari.

Saboda haka masu hankali su kan tsame na kirki tukuna, su kai gidan gwanjon kayan wasa irin Vectis, ko su sayar da kansu ɗai-ɗai, sa'an nan su kira dillalai biyu ko uku su taya sauran. Wanda bai san kan abin ba ya kan nemi reshen ƙungiyar IPMS na garinsu. An kafa ta a Ingila cikin 1963, tana kuma yin babban taronta kowane watan Nuwamba a garin Telford, inda dillalai da masu tarawa ke haɗuwa. Sau da yawa abokan marigayi suna cikinta, sun kuma san abin da ke cikin rumbunsa fiye da iyalinsa. Jinkiri dai ba ya taimako. Masu biyan tsada don kwalin 1965 su ne waɗanda su ke yara a 1965, yau sun haura saba'in, kowace shekara masu sayen na raguwa, rumbunan da ke fitowa kasuwa na ƙaruwa.

Bayan an tsame an sallama, kullum a kan sami ragowa waɗanda ba su kai kuɗin aikawa ba, masu murƙushasshen kwali ko ruɓaɓɓen tambari. Akwai wata ƙungiyar agaji a Ingila, Models for Heroes, wadda ke karɓar kwalaye cikakku ta raba wa tsofaffin sojoji masu jinya, domin aikin yana kwantar da hankali. Waɗansu magada kuma su kan kai makarantar unguwa, malamin aikin hannu ya raba wa yara da gam da 'yar wuƙa, a haɗa su ranar Juma'a da la'asar, a rataye da zare a rufin aji.