Gishiri: Tsakanin Daɗin Baki Da Lafiyar Jiki

Duk wanda yake son ya san darajar gishiri a wurin Bahaushe, to ya saurari harshensa. Shi ne yake cewa ilimi gishirin zaman duniya, idan kuma mai ba da labari ya zarce gona da iri sai a ce ya ƙara gishiri. Bai kuma tsaya ga suna ɗaya ba: akwai balma, akwai manda, akwai kantu, akwai beza, ga kuma kanwa. Al'umma ba ta yawaita sunayen abu sai ta daɗe tana rarrabe nau'o'insa. Ashe kakanninmu sun iya zaɓen gishiri tun kafin a fara ƙulla shi a leda.

Balma ya samo sunansa daga garin Bilma da ke Kawar, arewa maso gabashin Nijar, inda ayarin raƙuman Buzaye ke ratsa hamadar Tenere su ɗauko shi. Can ma an raba shi gida biyu: beza, wato tataccen da ake ci, da kantu, wanda aka fi ba dabbobi. Manda kuwa daga ƙasar Mangari yake fitowa, launinsa da duhu. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum kan wannan fatauci a 1986.

Yau zaɓin ya ƙaru. A manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja za ka ga gishirin teku, ka ga mai ruwan hoda da ake kira na Himalaya, kowanne da farashin da ya ninka na talakan gishiri. Dubi kalmomin da ake tallarsu da su: "na asali", "tsantsa", "bai ga inji ba". A nan ne ya kamata mai ilimi ya tsaya ya yi tambaya. Wancan mai ruwan hodar ana haƙo shi ne a lardin Punjab na Pakistan, musamman a mahaƙar Khewra. Kusan kashi 98 cikin 100 nasa sodiyam kulorayid ne, wato abin da ke cikin kowane gishiri, launin kuwa ɗan tsatsar ƙarfe ce. Sauran ma'adanan da ake kururutawa ba su kai yawan da za su amfani jiki ba, sai dai idan mutum zai ci abin da zai illata shi.

Wannan ba ya nufin babu bambancin ɗanɗano. Mai manyan ƙwayoyi yana jinkirin narkewa, shi ya sa yake tashi a baki idan an barbaɗa shi a kan gasasshen nama. Manda da balma suna ɗauke da wasu sinadarai da ke ba su ɗan bauri da wasu ke so. Amma da zarar gishiri ya narke a tukunyar miyar kuka, ga daddawa ga barkono, da wuya harshe ya gane asalinsa.

Abin da ya fi muhimmanci ido ba ya ganinsa, wato sinadarin aidin. Rashinsa ke kawo maƙoƙo, mafi muni kuma yana tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Saboda haka ne Nijeriya ta wajabta sanya shi a gishirin ci a 1993, har a 2005 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cimma wannan buri. Gishirin gargajiya da yawancin na ƙawa ba a ƙara musu aidin. Gidan da ya jingine na leda gaba ɗaya ya koma gare su, yana jin ya ci gaba, to ya mayar da 'ya'yansa baya ne bai sani ba.

Kanwa ma tana buƙatar hattara. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego mai tsananin zafi.

Sai batun yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Rahotonta na 2023 ya nuna mutanen duniya na cin giram 10.8 a matsakaici. Hawan jini bai san mai tsada da mai araha ba. Kada kuma a manta dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a miya, kaso mai yawa nasa gishiri ne.

Shawarata ita ce, gishirin girkin yau da kullum ya zama mai aidin, ƙullalle, mai lambar hukumar NAFDAC. A ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima. Hausawa sun ce gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Wanda aka auno a kasuwa kuwa, a narka cokali ɗaya a kofin ruwa, yashi da datti za su kwanta a ƙasa. Manda da balma da ɗan Pakistan a bar su a matsayin marmari. Uwargida da maigida, a zaɓa da sani, a zuba da awo. Allah Ya ƙara mana lafiya.