Likita da ɗan kwana-kwana: Wa ake tauye wa haƙƙi a albashi?

Duk lokacin da likitoci suka shiga yajin aiki, muhawara kan ɓarke: me zai sa likita ya yi kukan albashi alhali ɗan kwana-kwana, wanda ke kutsawa cikin wuta, bai kai shi samu ba?

Amsar ta fara ne daga yadda gwamnatin tarayya ke tsara albashi. Likitoci na kan tsarin CONMESS. Ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna da sauran ma'aikatan lafiya na kan CONHESS. Jami'an Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya kuwa na kan CONPASS, tare da jami'an shige da fice. Abin da ke ɗaga matakin da likita ke farawa a kai shi ne tsawon horonsa: shekara 6 a jami'a, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti.

Haɗarin aiki kuma da alawus ake biyansa. An daɗe ana bai wa ma'aikatan lafiya naira 5,000 kacal a wata, sai a Disamban 2021 aka ɗaga na likitoci zuwa tsakanin naira 32,000 da 40,000. A 2023 an yi ƙarin kashi 25 cikin 100 a yawancin matakan CONMESS, amma faɗuwar darajar naira da tsadar rayuwa sun cinye shi.

Akwai kuma batun kasuwa. Likitan Najeriya na da masu zawarcinsa a Ingila da Saudiyya. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara 5. Ɗan kwana-kwana ba shi da irin wannan mafita, shi ya sa muryarsa ba ta da nauyi a teburin sasanci.

Ga mazaunin Gozaki a ƙaramar hukumar Kafur, akwai wani giɓin da ya fi shafarsa. Sanarwar ƙarin albashi daga Abuja ba ta zama dole a kan jihohi. Likitan babban asibitin Malumfashi ko Funtua ma'aikacin gwamnatin Katsina ne, haka ma 'yan kwana-kwanan jihar. Idan jiha ta yi jinkirin bin sahu, likita kan koma asibitin tarayya ko ya tsallaka waje, manomi ya rasa mai duba shi. Ɗan kwana-kwana kan zauna, amma gobara irin wadda ta ci babbar kasuwar Katsina a Maris ɗin 2021 na buƙatar motoci, ruwa da kayan kariya kamar yadda take buƙatar mutane.

Don haka rage wa likita ba zai ƙara wa ɗan kwana-kwana ko kwabo ba. Kuɗin duka biyun daga kasafin jiha suke fitowa, kuma majalisar dokokin Katsina ce ke amincewa da shi kowace shekara. A can ya kamata matasa su nemi sanin nawa aka ware wa lafiya da kashe gobara, kuma nawa aka saki a zahiri.