Hasken da ke bambanta mai da mai

Tun ran 28 ga watan Nuwamba 2011 da aka buɗe matatar SORAZ a gundumar Ollelewa, kusa da Bakin Birji, ƙasar Damargu ta shiga sahun masu tace man fetur. Daga Agadem ɗanyen mai yake zuwa ta bututu, an kuwa gina matatar don ta tace ganga 20.000 kowace rana. To amma da me ma'aikacin ɗakin bincike yake gane abin da ke cikin ɗigon mai, tun da ido ba ya rarrabewa?

Ɗaya daga cikin dabarun da masana ke aiki da su ita ce ta wani haske da ido ba ya gani, sai dai fata ta ji ɗuminsa. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800, Turawa suna ce masa infrared. A 1905 William Coblentz na Amurka ya nuna cewa kowane sinadari da irin nasa shan wannan haske.

Ga dalili. Ƙwayoyin zarra a ɗaure suke da juna rukuni-rukuni, kowane rukuni kuma yana kaɗawa kamar tsirkiyar gurmi, da nasa amo. In an haska ɗigon mai, sai kowane rukuni ya shanye hasken da ya dace da kaɗawarsa, na'ura ta zana layi bisa ma'auni daga 4000 zuwa 400. Inda layin ya lotsa, nan shaida take. Haɗin kabon da haidurojin, wanda shi ne jigon fetur da gazuwal, yana fitowa wajen 2900. Ruwa yana lotsa layi da faɗi wajen 3400. Kabon da ya kama iskar oksijin da ɗauri biyu kuwa yana tsakanin 1700 da 1750, shi ya sa man gyaɗa ba ya ɓuya cikin gazuwal.

Wannan rukuni na ƙarshe shi ya fi shafar mai babbar mota da mai injin ban-ruwa. Baƙin mai in ya tsufa cikin inji, oksijin ke cin sa, alamar 1700 ta yi ta girma tun injin bai fara kuka ba.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Fetur da kananzir ƴan ɗaki ɗaya ne, rukuninsu kusan guda, don haka kama mai algus da kananzir sai an gwada zanen da na mai tsantsa, ko a ƙara da wani awo dabam.