Daren Fitilu a Ƙasar Hindu, da Kakarmu ta Karaye da Rogo

A daidai lokacin da ruwan sama ya ɗauke a ƙasar Karaye da Rogo, dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, manoma suka duƙufa yanka da ɗauri suna kai dami-dami cikin rumbu, sanyin hunturu kuma ya fara leƙowa da asuba ta bakin madatsar ruwan Challawa, a lokacin ne mabiya addinin Hindu suke shirin idinsu mafi girma, wanda suke kira Diwali, ma'ana jerin fitilu. Da yawanmu mun sha ganinsa ba mu san sunansa ba, domin tun shekarun 1950 da 'yan kasuwar Labanan suka fara haska finafinan Indiya a silimomin Kano, idonmu ya saba da matan nan masu jera 'yan fitilun kasko a bakin ƙofa, muna zaton ado ne na wasan kwaikwayo, alhali kuwa ibada ce a wurinsu.

Binciken al'adun waɗannan mutane ba bidi'a ba ne a wajen malaman Musulunci. Shehin malami Abu Raihan al-Biruni, wanda ya shiga ƙasar Hindu a zamanin Sarki Mahmudu na Gazna, ya zauna ya koyi harshen littattafansu, sa'an nan wajen shekarar 1030 ya wallafa kitabinsa a kan Hindu, ya kuma ambaci wannan idi da lokacinsa, bai ƙara musu ba bai rage musu ba, ko da yake aƙidarsa ta tauhidi ta yi hannun riga da tasu. Wannan adalci nasa shi nake so mu ara.

Sirrin da ya sa Diwali ba ta barin kaka yana cikin hisabi. Su ma da wata suke lissafi kamar mu, amma kusan duk bayan shekara uku sai su cusa wata guda na ƙari, don shekararsu ta daidaita da tafiyar rana. Mu kuwa shari'a ta hana mu wannan ƙari, shi ya sa Sallah take zagayawa, bana da damina, bayan wasu shekaru da bazara. Saboda haka daren Diwali, wanda yake faɗawa a mafi duhun dare lokacin da wata ya ɓuya, kullum tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba yake zuwa, bayan daminarsu ta wuce, shinkafa ta shiga gida, aljihun talaka ya yi nauyi.

Kwana biyar ake yi. A rana ta farko akan sayi zinariya ko sababbin kwanuka, a share gida a yi shafe. Dare na uku shi ne babba: a arewacin ƙasar suna cewa a daren ne gwarzonsu Rama ya komo birnin Ayodhya bayan gudun hijira na shekara 14, jama'a suka haska masa hanya, kuma a daren ne suke bauta wa Lakshmi, wadda suke riya cewa ita ce ma'abuciyar arziki, ba ta shiga gida mai duhu ko ƙazanta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne al'adar fataken Gujarat, waɗanda a daren suke rufe tsohon littafin ciniki su buɗe sabo, bayan sun yi ƙoƙarin biyan abin da ake binsu. Duk wanda ya san yadda manomin Rogo yake cin bashin taki da damina ya ce sai kaka, ya san nauyin da yake sauka daga zuciya ranar da aka biya. Kashegarin wannan babban dare su tara abinci tsibi guda su miƙa wa abin bautarsu, rana ta biyar kuma 'yar'uwa ta kira ɗan'uwanta ta ciyar da shi, ta yi masa fatan tsawon rai, shi kuma ya ba ta kyauta.

Kwana shida bayan Diwali mutanen Bihar suke yin Chhath, inda mata kan kame baki har awa 36 ba ci ba sha, su tsaya cikin kogi suna gaida rana a faɗuwarta da fitowarta. Ran da wata ya cika kuma a cika matakalan kogin Ganga na Banaras da fitilu, a ci kasuwar raƙuma a Pushkar.

Mu ma fa kaka ba ta wucewa shiru. Musulmi yakan fitar da ushiri na abin da ruwan sama ya shayar, dami ɗaya cikin goma, idan ya kai nisabi, daga nan sai ɗaurin aure da kalankuwa da dambe su kankama. Maguzawan da suke zaune a unguwannin wannan yanki tun kaka da kakanni suna da tasu al'adar ta yanka wa Uwar Gona saboda amfanin da aka samu, irin abin da masani Joseph Greenberg ya bincika a ƙasar Kano ya buga a 1946, ko da yake yawancinsu yanzu sun musulunta ko sun shiga addinin Kirista. Wanda muke gode wa ya bambanta, bambanci mai girma wanda ba ya ɓoyuwa, amma lokacin godiyar ɗaya ne.

To, idan ɗan Karaye mai aiki a masana'antar wani Ba'indiye a Sharaɗa ko Bompai ya ga wata rana cikin Nuwamba maigidan ya raba alewa, da magariba kuma ya ga iyalinsa sun jera fitilu a kan katanga, sai ya sani shinkafar ƙasarsu ce ta shiga rumbu, daidai makon da mahaifinsa yake ɗaure dawa a gona.