Lambar sirri ɗaya ga wasa, ga banki?

A watan Afrilun 2011 ɓarayin intanet suka kutsa rumbun kamfanin Sony, mai PlayStation ɗin nan da samarinmu ke layi a kansa a gidajen gem. Asusu kusan miliyan 77 abin ya shafa: suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar sirri. Aka rufe wasan kwana 23. Abin da ya fi ƙona ran jama'a, sai da aka kusa mako guda kafin a faɗa musu an kwashi bayanansu. Daga baya shugabannin kamfanin suka sunkuya gaban 'yan jarida a Tokyo suna neman afuwa, aka raba wasanni kyauta, mutane suka huce suka dawo. Bayanan da aka kwasa kuwa suna hannun ɓarayi.

To, kamfani mai injiniyoyi ke nan. Ina ga yaron Daura ko Mai'aduwa da zai miƙa wa mai cajin waya wayarsa ya ce, "Oga, buɗe mini Free Fire"? Mai shago ne zai zaɓa masa lambar sirri, galibi shekarar haihuwa ko wutsiyar lambar waya. Da ita zai kulle Facebook, da ita zai kulle OPay. Wani ma katin ATM ɗin mahaifiyarsa zai ɗauka a ɓoye ya sayi kayan wasa, bayanan katin su zauna a ciki. Wannan wane irin sakaci ne? Mabuɗi ɗaya ga zaure, ɗaki da akwatin kuɗi, kuma kwafinsa na aljihun wani! Ranar da aka fasa kamfanin wasan, ɓarawo zai gwada lambar nan a ko'ina, iyaye kuma su zo suna zagin banki.

Masu caca ma, Allah ya shirye su, su tuna an kutsa wa Bet9ja a 2022.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta wa kamfani sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da jama'a. Idan irin wannan kutse ya shafe ka, kada kyautar wasa ta rufe maka baki. Ka nemi sanin abin da aka ɗauka. Ka canza lambar sirrin yau, da hannunka, ta wasa daban ta kuɗi daban. Iyaye ku karɓi wayar yaro ku goge katin. Duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, wai a karanto masa lambar da ta shigo ta saƙo, a kashe wayar.