Kirista a Zauren Buddha

Mutumin Batsari ko Safana, wanda ya saba bin hanyar Katsina ya wuce ta Babbar Ruga, inda 'yan mishan suka daɗe suna jinyar kutare a zamanin Turawa, ya san Kirista, ya kuma san cewa a cikinsu akwai Hausawa 'yan'uwansa masu karanta Linjila da harshen da suka tashi da shi. Amma da za a ce masa a wasu ƙasashe akwai Kiristan da zai fito daga coci ran Lahadi, ya zarce wani zaure ya tanƙwashe ƙafa ya fuskanci bango bisa tafarkin Buddha, lalle zai tambaya ko mai wannan aiki ya bar addininsa ne. Tambayar tana bisa hanya, domin su kansu malaman Kirista sun haura shekara 60 suna muhawara a kanta.

Shi Buddha, wanda sunansa Siddhartha Gautama, ɗan sarauta ne da ya rayu a arewacin ƙasar Hindu kimanin ƙarni 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya bar gidan mulki ya shiga daji neman maganin wahalar ɗan Adam, ya kuma karantar da cewa tushenta kwaɗayi ne da riƙon abin da ba ya dawwama. Ƙissarsa ta riga ta shiga coci tun da daɗewa ba da sanin masu cocin ba, gama an rubuta ta da Larabci a zamanin Abbasiyawa da sunan Bilauhar da Budasaf, ta bi ta harshen Jojiya da na Girka da Latin, har Budasaf ya koma Yosafat, aka sa shi cikin jerin waliyyan Kirista, a da ana tunawa da shi ranar 27 ga Nuwamba.

Wanda ya buɗe ƙofar da gangan kuwa wani fada ne Bajamushe, Hugo Lassalle, wanda ya isa Japan a 1929, yana kuma cikin birnin Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 sa'ad da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya, ya ji rauni amma kwanansa na gaba. Da ya ga ba zai gane zukatan mutanen da yake wa wa'azi ba sai ya san abin da ke horar da su, sai ya durƙusa gaban shehunan ɗariƙar Zen ta mabiya Buddha ya zama almajirinsu. Riyalar tasu mai tsanani ce: a tashi kafin alfijir, a zauna bisa ɗan matashi mai tauri, ƙafa a harɗe, baya a miƙe, ido a runtse rabi, a ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma a sake komawa ɗaya, ba magana, ba waiwaye, sai an kaɗa ƙararrawa, a haka har kwana 7 in lokacin halwa ne. Lassalle ya yi wannan shekara da shekaru bai bar hidimar cocinsa ba har ya rasu a 1990, hujjarsa kuwa ita ce zuciyar da ta lafa ta fi iya fuskantar Ubangijinta.

A Amurka ma an yi Thomas Merton, zahidin da ya kulle kansa a gidan ibada na Gethsemani a jihar Kentucky, wanda ya karɓi baƙuncin malamin Buddha ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, a 1966, ya ziyarci Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, a Dharamsala a 1968, ajali ya cim masa kusa da Bankok a watan Disamban shekarar. Shi ne kuma ya daɗe yana musayar wasiƙu da wani masanin tasawwufi na Pakistan a kan zikiri da halwa, abin da muridin Tijjaniyya ko Ƙadiriyya na ƙasar Katsina ba zai ji shi baƙo ba.

Cocin Katolika ta sassauta a 1965, lokacin da babban taronta na Batikan ya bayyana cewa ba ta ƙin abin da yake gaskiya da tsarki a cikin sauran addinai, har wani ɗan Nijeriya, Kadinal Francis Arinze, ya shugabanci majalisarta ta tattaunawa da su daga 1984 zuwa 2002. Sai dai a 1989 Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma, ya fitar da wasiƙar gargaɗi, kada a ɗauki daɗin da jiki ke ji a zaman shiru a matsayin baiwar Ruhu Mai Tsarki.

A ganina gargaɗin yana da tushe, ko da yake ina girmama Lassalle ƙwarai. Zama da ƙirga numfashi abu ne da ake iya ara, kamar yadda manomi ke aron garmar maƙwabci ya yi huɗa a gonar kansa. Aƙida kuwa ba ta aruwa, domin Kirista yana kiran Mahalicci mai ji mai amsawa, yana sa ran tashin ƙiyama, alhali tafarkin Buddha bai tsaya a kan Mahalicci ba, yana ma karantar da cewa babu wani rai tabbatacce a cikin mutum. Wanda ya ce duka biyun ɗaya ne bai yi wa ko ɗayansu adalci ba. A kan wannan gaɓa ce aka zargi wani fada Bajamushe, Willigis Jäger, wanda shi ma ya kai matsayin shehin Zen, har hukumar aƙida ta Roma ta hana shi karantarwa a bainar jama'a a 2002. Bai bi umarnin ba, ya nemi izini ya fita daga gidan ibadarsa, ya buɗe zaurensa kusa da birnin Würzburg a 2003, inda ya ci gaba da karɓar almajirai har ya rasu a 2020.